Badaru Ya Kori Kananzir

Salamu alaikum jama'a. Wallahi tun shekaranjiya nake son in rubuto muku wanga labari, in na fara sai dariya ta kama ni in aje waya. Yau dai na daure.

Akwai wani maƙwabcinmu nan Dakoro, sunanshi Badaru. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nashi, ita ma ruwan bara ya zubar da rabinta, don haka ko tari aka yi gidanshi sai mu ce sannu. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa da kowa. Baki ne dai Allah ya hore mishi. In ya tahi Maraɗi ya kwana biyu, sai ya dawo yana ba mu labari kamar mu ba mu taɓa ganin kwalta ba.

To bana, damina na tsakiya, ya tahi Maraɗi ya dawo da kwali guda cike da fitilun sharji. Wata mai ɗan fanon sola a ƙeya, ka shanya ta rana ta cika. Wata sai an sa ta ga kuran, wato wutar lantarki. Wata har rediyo gare ta. Babbarsu kuwa maɓalli uku gare ta: na farin haske, na ja da shuɗi mai walƙiya, da na jiniya. Bai ko shiga gida ba, ya sauke kwalin fadarmu, gindin bedi, inda Sallau mai shayi ke kafa tebur.

"Jama'a," in ji Badaru, "daga yau kananzir ya mutu unguwar ga. Ni na kashe shi."

Sallau bai ɗago kai daga butar shayi ba ya ce, "Allah ya jiƙan shi. Yaushe ne jana'iza?"

"Kai dai ba ka waye ba. Dubi hitilar ƙwanka, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Hayaƙi, wari, ga wanke ƙwai kullum, ga lagwani. Wannan kuwa ka danna, wala! Rana ta hito."

"In ta mutu hwa?"

"Ba ta mutuwa. Garanti gare ta."

"Garantin ne zai haska mani in an ɗauke wuta kwana biyu?"

"Rana ce abincinta, Sallau. Rana ta taɓa ƙarewa Dakoro?"

Nan dai Badaru ya fito da shirinshi: duk wanda ya kawo tsohuwar fitilar ƙwai, ya rage mishi farashin sabuwa. Mata suka yi ta aikowa. Mu mun zaci zai kai su ƙauye ya saida. Ina! Ƙusa ya samo da guduma, kowace ya huda mata gindi inda ake zuba kananzir, wai kada wani ya yi marmarin komawa baya. Ya bi rassan bedin nan ya rataye su reras. Ya ce wai mize ne, gidan tarihi irin na Yamai, jikokinmu su zo su ga wahalar da muka sha.

Sallau kaɗai ya ƙi ba da tashi. Ya ce, "Wagga da ita aka kai mani amarya. Ba ta taɓa ce mani ba ta da sharji ba."

Abin ya yi ma Badaru zafi. Ya kama gemunshi, wanda yake ji da shi kamar gonar gado, ya ce, "Ku shaida. Ran da kuka ga an kunna kananzir gidana, ku aske gemun ga nan gindin bedi, ba ruwa ba sabulu."

Sallau ya ce, "Mun shaida. Saminu wanzami ma ga shi nan, ya ji."

Ba a yi sati ba matar Badaru, Sa'adiyya, ta haihu, namiji. Sai ga uwarta, Inna Halimatu, ta sauko daga motar Ɗan Gulbi don ta yi mata wankan jego. Ƙunshin kaya a kai, kwando a hannun dama, a hannun hagu kuwa mi kuke tsammani? Fitilar ƙwai. Tsohuwa tukuf, an ɗaure mariƙinta da waya.

Cikin kwandon ƴan tsakin zabbi ne, goma sha tara, ƙanana kamar ƙwallon goruba. Kazar da ta ƙyanƙyashe su muzuru ya ɗauke ta, shi ya sa Inna ta zama uwarsu. Da magariba ta yi sai ta kunna fitilar, ta rage lagwani, ta sa ta tsakiyar kwando, ta rufe da tsohon zane ta bar ƴar kafa. Su kuma su kewaye ta suna shan ɗumi. Ta ce na jariri ne, da su za ta kafa mishi kiwo: zabbi su zama akuya, akuya ta zama saniya.

Kun san dai surukuta. Inna ba ta kiran sunan Badaru, ba ta yi mishi magana kai tsaye, shi ma ba ya haɗa ido da ita. Komi sai ta bakin Sa'adiyya, ko da kuwa taku biyu ne tsakaninsu.

Badaru ya dawo daga masallaci, hancinshi ya jiyo mishi abin da ya rantse a kai. Ya dubi katangar nan da ta zube, ya shafa gemu. Ya cire takalmi ya durƙusa bakin ƙofar ɗaki.

"Sa'a, ki gaishe da Inna, ki ce mata an kawo ma zabbinta hitila ta zamani, mai hasken da ya hi wannan sau goma."

Inna na zaune nan gefenshi tana tsinke ganyen wanka. Ta ce, "Ke Sa'a, ce ma mijinki an gode. Ce mishi su ba karatu za su yi ba. Ɗumi suke so."

"Sa'a, ki ce ma Inna ai ɗumin ma daga rana yake. Wagga hitila wuni take tana shan rana. Abin da ya sha rana ai ya hi abin da ya sha kananzir zahi."

Sa'adiyya ta ce, "Malam, ka taɓa ta ka ji mana."

"Zahin na ciki ne. Ke ba ki san teknolozi ba."

Inna ta gyara ma zabbinta zane. Wani mai hankali da nan ya tsaya. Badaru kuwa washegari, Inna na bayan ɗaki tana hura wutar ruwan wanka, ya zare fitilar ya fita da ita cikin riga. Kwas! Muka ji guduma. Kafin Inna ta gama wankan ƴarta, fitilarta na lilo a reshen bedi tare da ƴan uwanta.

Ya dawo ya durƙusa ya ce a gaya ma Inna ta huta, shi ya ɗauke mata nauyin zabbi, zaure zai kai su ya yi musu kiwon zamani irin na masu poroje.

Inna ta daɗe tana kallon ƙusar da take rataye fitilarta. Sannan ta ce, "Ke Sa'a, ce ma mijinki goma sha tara ne. Ran suna goma sha tara nake son gani, da ƙafafunsu. In sun ragu ko da ɗaya, in ɗauki kwandona in koma Ɗan Gulbi, ya nemo mai yi miki wanka. Kuma ƙafata da gidan ga."

Saura kwana biyu suna. Kuma ranar nan marka ta sauka.

Bayan isha'i Badaru ya sa fitila ɗaya cikin kwando. Ƴan zabbi suka dube ta, suka matso, suka ji ba komi, suka koma kusurwa suka hau kan juna suna tsiyau-tsiyau.

"Ba ta ishe su ba," in ji shi. Ya ƙara ta biyu. Ya ƙara ta uku. Ya zazzage waɗanda suka rage cikin kwalin duka ya jera su zagaye da kwando. Zaure ya yi fari fat, har daga bakin kasuwar dabbobi ana hangowa.

Zabbi dai ba su ji ɗumi ba, amma shinge, ƙwarin nan mai fiffike da ake soyawa, ya gani. Kun san bayan ruwa yadda yake fitowa. Wallahi duk shingen Dakoro da na Ajekoriya ranar nan zauren Badaru ya yi taro. Yana shiga mishi hanci, yana shiga kunne. Kwaɗi suka biyo shinge. Yaran unguwa suka biyo da kwanoni da ruwa suna kamun shinge, suna cewa, "Baba Badaru mun gode, gobe ma a kunna!"

Ya ce bari ya rage hasken babbar. Hannu na kaɗe shinge, ya danna maɓallin da ba shi ba. Ja, shuɗi, ja, shuɗi. Ya sake dannawa don ya kashe. Wiiiu! Wiiiu! Jiniya.

Unguwa ta tashi. Elhaji mai goro, wanda gidanshi ke kallon na Badaru, ya fito da takalmi ƙafa ɗaya yana cewa, "Jandarma ne? Wa aka zo kamawa?" Wata tsohuwa ta fara salati, ta zaci motar likita ce ta zo ɗaukar mai jego. Zabbi kuwa suka tsallake kwando suka watse cikin ƙafafun mutane. Badaru na rarrafe yana ihu, "Kowa ya tsaya inda yake! Kada wanda ya taka! Goma sha tara ne!"

Elhaji ya tsaya da ƙafa ɗaya sama kamar zalɓe, ya ce, "Badaru, in sauke ko in jira?"

Da ƙyar aka tattara su. Sun cika. Daga cikin gida muka ji muryar Inna, ba ta ko ɗaga ta sosai ba: "Ke Sa'a, tambayi mijinki ko an kama ɓarawon."

Da safe Badaru ya zo fada ido ja, ya ce gwaji ne ya yi, kuma ya yi kyau. Ya jera fitilunshi kan rufin zaure su sha rana. Ranar da ba ta fito ba. Wuni aka yi sama a rufe, ana yayyafi. Wuta kuma tun iskar daren jiya aka ɗauke. Kafin magariba fitilun nan sun koma kamar idon mage, mai rediyon ta yi ƴar shaƙuwa ta yi shiru.

Ƴan zabbi abin ya fara wuce wasa. Sun saki fukafukai, kukan ma ya ragu, biyu sun kwanta sun miƙe ƙafa. Badaru ya taɓa ɗaya ya ji sanyi kamar randa. Ya aje shi ya miƙe.

Ya lallaɓo wurin Sallau. Fitilar Sallau na kan tebur tana ci abinta, ƴan fada sun kewaye ta. Ya ja shi gefe.

"Sallau, kai hwa ɗan uwana ne."

"Tun yaushe?"

"Hitilar ga taka, ka ba ni ita in duba wani abu jikinta. Bincike nake."

"Duba ta nan."

"Binciken na gida ne."

"To ba komi. Ɗauki. Amma bari in kira Saminu ya wasa aska, tunda gidanka za ta kwana."

"Haba Sallau! Wa zai sani?"

"Katangarka ta zube, Badaru. Ko almeti, ɗan ashana guda, ka ƙyasta sai unguwa ta gani."

Badaru ya kama gemu, ya dubi fitila, ya sake kama gemu. Ya ce, "Riƙe abarka. Da ma gwada ka nake."

Sai ya zagaya ta bayan bedi ya sauko da ɗaya daga cikin fitilun mize. Ya tahi bitik ya sayi kananzir, ya ce ma mai bitik tururuwa ce ta dame shi. Ya samo sabulu ya liƙe hudar da ya yi da hannunshi. Don kada rantsuwa ta kama shi, bai shiga gida ba, lungun da ke bayan gidajenmu ya tsuguna, ya ce lungu ai na gwamnati ne. Abin da bai lura ba, ƙasa jiƙe take, sabulu ya narke, kananzir na bin ƙasa har gaban takalminshi. Ya sunkuya sosai don iska, ya ƙyasta almeti.

Fuu!

Allah ya taƙaita, yayyafi ya kashe wutar nan take. Amma gefen gemu na hagu ya tahi. Warin gashi ya cika lungu, har babata ta leƙo ta ce wa ke babbakar kan rago tun ba a yi suna ba.

Ya koma zaure ya zauna cikin duhu. Ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda suka kwanta, ya rasa inda zai sa shi, ya tura shi cikin singileti don kada ya ga mutuwarshi. Jim kaɗan sai ya ji motsi. Ya ji ƴar ƙafa na taka mishi cibiya. Tsiyau!

"Allahu akbar," in ji Badaru.

Ya kwashe sauran duka ya zuba cikin singileti, ya ɗauko rawani ya ɗaure ƙugu tam don kada su zubo. Haka ya kwana zaune, jingine da bango, ba halin juyi, ba halin tari. Suna yi mishi susa da farce, suna yi mishi abin da tsaki ke yi in ya ƙoshi da ɗumi.

Gari ya waye, ranar suna, sanyi ya fi na jiya. Ya gwada maida su kwando, suka fasa kuka suka fara rawar ɗari. Ga mutane sun fara shimfiɗa tabarmi ƙofar gida. Sai ya maida su ciki, ya zumbula babbar riga a sama, ya naɗa ƙyalle a haɓa ya rufe rabin gemu, ya fito yana tahiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono.

Elhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Angon ƙarni, barka. Amma dai Sa'adiyya ce ta haihu ko? Na ga kai ma ka kusa."

"Kumburin ciki ne, Elhaji. Wake na ci."

"Haɓar hwa?"

"Haƙori."

Sallau ya ce, "Allah sarki. Wake a ciki, haƙori a gemu."

Aka zauna, aka raba goro da dabino. Liman ya ɗaga hannu, wuri ya yi tsit.

Tsiyau.

Badaru ya yi tari.

Tsiyau-tsiyau.

Liman ya buɗe ido ɗaya. Badaru ya ce, "Salula ce, Malam. Sabon kuka na sa mata."

"To a kashe ta, muna addu'a."

Badaru ya dafa ciki yana lalube kamar mai neman maɓalli. Da suka ji an taɓa su sai suka ɗauka gaba ɗaya. Rigar ta fara motsi da kanta, nan ta tashi, can ta faɗa. Wanda ke zaune kusa da shi ya ja tabarmarshi baya yana a'uzubillahi.

Liman ya daure ya ce, "Uban yaro ya matso ya faɗa mani suna."

Badaru ya tashi da ƙyar. Ya zo gaban liman, ya sunkuya zai raɗa mishi a kunne. Sunkuyawar nan ce rawani ya ce ya gaji. Ya kwance.

Jama'a, kun taɓa ganin an kwance bakin buhun gyaɗa? Haka suka zubo. Kan cinyar liman, cikin farantin goro, cikin takalman mutane. Ɗaya ya haye hular Elhaji da ke aje kan tabarma ya tsaya yana kallon jama'a. Ƙyallen haɓa ma ya zame, rabin gemu ya fito fili. Saminu wanzami, da ya zo askin jariri, ya ce, "Kai! Wa ya riga ni?"

Liman, Allah ya ba shi haƙuri, ya riƙe dariya har hawaye na zubo mishi, ya ce, "Badaru, suna ɗaya ka zo da shi ko na duka?"

Wuri ya kece. Badaru kuwa ba ta dariya yake ba, ihu yake, "Kada ku taka! Ku ƙirga! Don Allah ku ƙirga!"

Manyan mutane da manyan riguna suka duƙa kamun tsaki. Aka kawo kwando ana sakawa ana ƙirgawa da ƙarfi kamar ƴan lakwal cikin aji. Sha shida. Sha bakwai. Sha takwas.

Shiru.

Aka ɗaga tabarmi, aka zazzage takalma, aka leƙa ƙarƙashin ragon suna. Babu. Fuskar Badaru ta canza, dariyar mutane ma ta tsaya, don kowa ya ji sharaɗin Inna ta katangar nan. Ya buɗe baki zai yi magana, sai muka ga ya ɗaga ƙafar dama. Ya sauke. Ya ɗaga ta hagu. Ya yi tsalle ya kama cinya, ya juya, ya karkaɗa ƙugu. Sanƙira da ya zo shelar suna ya zaci murna ce, ya fara yi mishi kirari. Can sai ga na sha tara ya sulalo ta ƙafar wando, ya faɗo ƙasa, ya girgije, ya ce tsiyau.

"Sha tara!" Har da tafi.

Aka dai natsu aka raɗa suna, yaro ya ci Yazidu, aka shafa fatiha. Ba a gama shafawa ba muka ji gyaran murya daga bayan ƙyauren zaure. Inna ce. Badaru ya zube ƙasa ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

"Ke Sa'a!"

Daga can ƙuryar gida, da ƙyar ake jiyowa: "Na'am, Inna!"

"Ce ma mijinki na ji ƙirga, sun cika. Ce mishi na yafe hitilata."

Badaru ya sauke ajiyar zuciya, ya fara murmushi yana kallon Sallau.

"Ce mishi wadda na samu yanzu ta hi ta ɗumi. A maida su inda suka hito, har su yi gashi."

Murmushi ya tsaya. Ya ɗaga murya: "Sa'a, ki ce ma Inna akwai kasuwa hwa, ga masallaci, ga mutane..."

"Ce mishi rigar na da faɗi."

Shi ke nan, ba a ƙara ba. Liman da kanshi ya miƙa mishi kwando, Elhaji ya taya shi ɗaure rawani, ya ce wannan karon ƙulli biyu za a yi.

Da maraice sai ga shi fada, yana tahiyar nan tashi ta mai ƙwaryar nono. Ya zauna a hankali kan benci, ciki na tsiyau-tsiyau. Kowa na jiran ya ga ya ji kunya. Badaru? Ya gyara zama, ya shafa rabin gemu, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"To, kun dai gani da idonku. Goma sha tara, ba wanda ya mutu. Ba hayaƙi, ba lagwani, ko ɗigon kananzir ba su sha ba. Ni da ma na san inda binciken zai kai."

Sallau ya jawo butar shayi. Ya cika kofi da shayi mai zafi har baki, ya tura mishi gabanshi.

"Sha maza," in ji shi, "kada sharjinka ya sauka."